Ƙunar daji da zaizayar ƙasa a yankin Zariya

A duk shekara da zarar an kawar da amfanin gona hunturu ya kankama, hayaƙin ƙunar daji kan turnuƙe sassa da dama na arewacin Nijeriya. To amma babbar ɓarnar da wannan wuta ke yi ba ta fitowa fili sai ranar da ruwan farko na damina ya sauka.

Mutumin da ya hau duwatsun Tukur-Tukur da ke daura da ganuwar birnin Zariya da maraice a cikin watan Janairu ko Fabrairu, ya kai dubansa wajen Wusasa da dutsen Kufena, da wuya ya rasa hango hayaƙi yana tashi daga wani wuri a bayan gari. Abu ne da ido ya saba da shi har ya daina zama abin magana, sai fa in wutar ta ci rumbu ko ta kama gidajen jama'a. Kashegari akan tarar da fili ya yi baƙi ƙirin, bayan 'yan makonni kuma sai ɗanyar ciyawa ta toho, wanda hakan ke sa mutane da yawa su ɗauka cewa daji ya warke.

Sai dai masana kimiyyar ƙasa na da wani ra'ayi dabam. A ganinsu abin tambaya shi ne halin da ƙasar da ke ƙarƙashin tokar za ta kasance a ciki lokacin da hadarin watan Afrilu ko Mayu zai zubo da ruwa a kanta. Matsalar kuma ba ta Zariya kaɗai ba ce, domin hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na filayen da wuta ke ci a duniya a kowace shekara suna nahiyar Afirka ne, akasari a dazuzzukan ciyawa da itatuwa irin na ƙasar Zazzau.

Dalilan cinna wuta

Kusan dukkan wutar dajin da ake gani a wannan yanki mutum ne ke kunna ta, kuma kowa da hujjarsa. Mafarauta kan saka wuta domin koro gafiya da gyazbi da zomo daga maɓoyarsu. Makiyayi kan ƙone busasshiyar ciyawa domin shanu su sami sabon toho a lokacin da abinci ya yi ƙaranci, tare da rage kaska. Manomi kan tara kara da sassabe ya banka musu wuta gabanin shuka, saboda hanya ce mai sauri da araha. Akwai masu cin zuma da masu yin gawayi, akwai kuma guntun tabar da matafiyi kan jefar a bakin hanya.

Wuta ba baƙuwa ba ce a wannan daji. Itatuwa irin su doka, wadda ita ce babbar alamar dajin ƙasar Zazzau, da kaɗanya da maje da baushe duk suna da kaurin ɓawo ko kuma saiwoyin da kan sake tohowa bayan wuta ta wuce. Abin da ya sauya shi ne yawan jama'a da yawan ƙunar, da kuma gushewar al'adar barin gona ta huta na wasu shekaru, wadda a da ita ce ke mayar wa ƙasa abin da ta rasa.

Abin da wuta ke cinyewa

Abu na farko da wuta ke ɗaukewa shi ne suturar ƙasa, wato busasshiyar ciyawa irin su gamba da kyasuwa, da ganyayen da itatuwa suka kakkaɓe, da karan da aka bari a gona. Wannan shimfiɗa ita ce ke tare ɗigon ruwan sama kafin ya bugi ƙasa, ita ce ke rage gudun ruwa, ita ce kuma ke hana rana busar da danshi.

Na biyu shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da suka narke suka zama wani ɓangare na ƙasar, abin da ke sa ƙasar kurmi ta yi duhu da laushi. Shi ne tamkar ƙaro da ke manne ƙwayoyin rairayi da na laka su zama 'yan dunƙule-dunƙule masu kafofi a tsakaninsu, inda ruwa da iska ke ratsawa. Ƙasashen noma na yankin Zariya dama can ba su da wadatar wannan abu, domin a gonaki da yawa sinadarin kabon da ake auna shi da shi bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasar ba. Wutar ciyawa dai mai saurin wucewa ce, kuma zafinta ba ya shiga ƙasa fiye da 'yan santimitoci kaɗan. Saboda haka illarta ba ƙone abin da ke cikin ƙasa kai tsaye ba ce kawai. Babbar illar ita ce cinye abin da ya kamata ya ruɓe ya koma ƙasar a wannan shekara. In aka maimaita haka shekara da shekaru, ana ɗiba ba a zubawa, dole rumbu ya ƙare.

Na uku shi ne sinadaran da tsirrai ke rayuwa a kansu. Kowane manomi ya san haruffa uku na NPK da ke jikin buhun takin zamani, waɗanda ke nufin naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Naitirojin, wanda shi ne abin da ake nema a takin yuriya, yakan fara tashi sama a matsayin iska tun zafi na kusan digiri 200, wato ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa, alhali harshen wutar daji kan zarce haka nesa ba kusa ba. Ke nan mafi yawan naitirojin da ke cikin ciyawar da ta ƙone yakan bi hayaƙi ne, haka ma wani kaso mai yawa na farar wuta. Fosfaras da fotashiyam da sinadarin alli kuwa sun fi jure zafi, don haka akasarinsu kan rage a cikin toka.

Wannan ne asalin imanin da manoma ke da shi cewa toka taki ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Toka kan rage tsamin ƙasa, ta kuma ba shuka abinci nan take, shi ya sa inda aka ƙone tarin kara yakan fi yin kore a farkon damina. To amma toka ba ta kawo wani sabon abu ba. Abin da ciyawa ta tara cikin damina guda, wanda da zai riƙa komawa ƙasa sannu a hankali, shi aka saki a rana ɗaya. Daɗin daɗawa toka ba ta da nauyi. Tokar da ta kwanta a watan Janairu sai ta yi wata uku ko huɗu a fili tana fuskantar iskar hunturu da guguwar bazara kafin a yi shuka, abin da ya saura kuma ruwan farko ya wanke shi zuwa rafi.

Na huɗu su ne halittun da ke aiki a cikin ƙasa. Gara da tana da tururuwa suna haƙa ramukan da ruwa ke bi ya nutse. Ko da wuta ba ta kashe su ba saboda sun yi nisa a ƙasa, ta ƙone abincinsu.

Ranar da ruwan farko ya sauka

Yankin Zariya kan sami ruwan sama na kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Ruwan farkon damina ya yi suna wajen zuwa da iska mai ƙarfi da manyan ɗigo, ya zuba kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci kaɗan. Babban ɗigon ruwa kan faɗo da gudun da ya kai kimanin mita 9 a daƙiƙa guda. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta daɗe tana nazarin wannan batu. Masanan cibiyar guda biyu, J. M. Kowal da A. H. Kassam, sun wallafa wani bincike a 1976 da ya nuna cewa ƙarfin bugun ruwan sama a Samaru ya zarce wanda aka saba gani a ƙasashe masu sanyi irin na Turai.

Ita kanta ƙasar yankin tana da wata ɗabi'a da ke ƙara dagula lamarin. Samanta cike yake da lallausan rairayi da turɓaya, wadda wani ɓangarenta ƙura ce da iska ta kwaso daga arewa ta jibge tun dubban shekaru da suka wuce. Idan ɗigon ruwa ya bugi irin wannan ƙasa tana tsirara, sai 'yan dunƙulenta su farfashe, lallausan garin ya toshe kafofin da ruwa zai bi. In ta bushe sai ta yi wani ɓawo mai tauri a sama, wanda manoma suka sani sarai domin wani lokaci har tsiron dawa yakan hana fitowa. Da zarar wannan ɓawo ya samu, ruwan da ya kamata ya nutse sai ya kwanta a sama ya fara gudu.

Daga nan ne zaizaya ke farawa, kuma mataki-mataki take tafiya. Da farko ruwa kan share saman fili bai ɗaya, ya ɗebi ƙasa 'yar kaɗan wadda ido ba ya lura da ita, illa dai a ga ruwan ya yi ja. Wannan kuwa ita ce ƙasa mafi albarka. Sai ruwan ya fara tsaga 'yan ƙananan hanyoyi waɗanda garma ke iya shafewa. In aka ƙyale su sai su haɗu su zurfafa su zama kwazazzabo mai cin gona da hanya, wani lokaci har da gidaje. A inda marmara ke kusa da sama kuwa, ƙarshen abin shi ne ta fito fili, wurin ya zama faƙo da ba ya fid da komai. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa akan ɗauki har shekaru 1,000 kafin ƙasa mai kaurin santimita 2 zuwa 3 ta samu.

Mazauna Tukur-Tukur ba sa bukatar zuwa nesa domin ganin abin da ruwa ke yi wa ƙasar da ba ta da kariya. Ganuwar birnin da ke kusa da su da ƙasa aka gina ta, kuma a wurare da dama ruwan sama da masu haƙar ƙasar gini sun mai da ita tudu kawai.

Ƙasar da ruwa ya kwashe kuma ba ɓacewa take yi ba, tana da masauki. Kogin Kubanni, wanda ya ratsa ta Samaru ya wuce tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya faɗa kogin Galma, an datse shi a farkon shekarun 1970 domin samar wa jami'ar ruwan sha. Nazarce-nazarcen masana labarin ƙasa na jami'ar sun nuna cewa laka da yashi sun rage yawan ruwan da madatsar ke iya riƙewa. Noma har bakin rafi da gine-gine da kiwo duk suna da hannu a wannan, ƙunar daji kuma na ɗaya daga cikin abubuwan da ke barin ƙasar yankin a tone. Ta haka wutar da aka cinna a ƙauye kan shafi famfon mutumin birni.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A dazuzzukan da itatuwansu ke da mai ko ƙaro a ganye, kamar na yammacin Amurka da Ostireliya da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, akwai wata illa ta daban. Zafin wuta kan narkar da wannan mai ya zama tururi ya shiga ƙasa, in ya tarar da sanyi a can ciki sai ya daskare ya lulluɓe ƙwayoyin ƙasar kamar kakin zuma. Daga nan sai ƙasar ta riƙa ƙin shan ruwa, a zuba mata ya tsaya a sama kamar a kan leda.

A watan Disambar 2017 wata gagarumar gobara ta cinye daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100 a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka. Ranar 9 ga watan Janairun 2018, ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan tsaunukan da suka ƙone, inda a wani wuri aka sami kimanin milimita 13 cikin minti 5. Taɓo da duwatsu da kututture suka gangaro kan garin Montecito cikin dare, mutane 23 suka rasa rayukansu, aka kuma yi asarar gidaje fiye da 100. A Ostireliya ma, ruwan da ya sauka a watan Fabrairun 2020 bayan gobarar da aka shafe watanni ana fama da ita ya kwashi toka da laka zuwa koguna, inda kifaye masu yawa suka mutu.

Ƙasar Zariya shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da irin waɗancan tsaunuka, don haka zaizayarta ba ta zuwa a dare ɗaya. Amma gangaren duwatsu irin na Kufena da gaɓar rafuka na cikin haɗari, haka ma gandayen da aka dasa itatuwan turare, kamar na Afaka kusa da Kaduna, domin ganyen turare na daga cikin masu haddasa waccan matsala ta ƙin shan ruwa.

Wutar farkon rani da ta ƙarshensa

Shin mafita ita ce a haramta wuta baki ɗaya? Ma'aikatan gandun daji sun daɗe da neman amsar wannan tambaya. A 1929 an ware wasu filayen gwaji a gandun dajin Olokemeji da ke tsakanin Ibadan da Abeokuta. A 1936 kuma masanin daji ɗan ƙasar Faransa, André Aubréville, ya kafa irinsu a Kokondekro kusa da birnin Buwake na ƙasar Kwaddibuwa. Tsarin iri ɗaya ne: fili guda an kare shi daga wuta ɗungurungum, na biyu ana ƙone shi a farkon rani, na uku kuma a ƙarshen rani.

Bayan shekaru masu yawa sakamakon ya fito ƙarara. Filin da aka kare ya rikiɗe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonewa a ƙarshen rani ya koma fagen ciyawa da tsirarun itatuwa masu jure wuta. Na farkon rani kuwa ya tsaya tsakani, itatuwansa da yawa sun rayu. Waɗannan wurare biyu sun fi Zariya ruwan sama, amma makamancin gwajin da aka yi a arewacin Ghana, inda yanayi ya fi kusa da na ƙasar Zazzau, shi ma ya nuna cewa wutar ƙarshen rani ce ta fi hallaka itatuwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Nuwamba da farkon Disamba ciyawa na da sauran danshi, raɓa na sauka da dare, saboda haka wuta kan ci nan ta bar can, ta mutu da kanta, ta kuma bar wa ƙasa wani abin rufa. A watan Fabrairu da Maris kuwa komai ya bushe ƙayau, ga iska ga zafi, wuta kan tashi sama ta kashe ƙananan itatuwa, ta share ƙasa tas a daidai lokacin da ya rage 'yan makonni hadari ya haɗo. Hana wuta kwata-kwata a dajin da jama'a ke kai da komo a cikinsa na da nasa haɗarin, domin ciyawa za ta taru, ranar da wani ya yi ganganci kuma wutar ta fi ta kullum muni. Bisa wannan fahimta ce aka ƙaddamar da wani shiri a 2006 a yankin Arnhem na arewacin Ostireliya, inda 'yan asalin ƙasar suka koma ga al'adar kakanninsu ta ƙuna da wuri, aka kuma sami raguwar manyan gobarorin ƙarshen rani.

Doka da abin da jama'a za su iya yi

Nijeriya ba ta rasa doka a kan wannan batu ba. Hukumar NESREA mai kula da bin ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin da aka fitar a 2011 waɗanda suka hana ƙona daji ba tare da izini ba. A watan Disambar 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da ba da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin arewa 19 da Abuja, ciki har da jihar Kaduna. To sai dai kama wanda ya cinna wuta a tsakiyar daji ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa masana ke ganin cewa dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma da arɗo-arɗo da shugabannin mafarauta su ne suka fi kowa iya tsayar da lokacin da za a yi ƙuna da wuraren da ba za a taɓa ba.

Matakan da ake ba da shawara a kansu ba masu tsada ba ne. Akwai share wata faffaɗar hanya kewaye da gona ko gandu tun kafin ciyawa ta gama bushewa domin wuta ta rasa abin kamawa, kamar yadda ake yi duk shekara a yankunan makiyaya na Jamhuriyar Nijar. Akwai barin wani kaso na kara da ganye a kwance a gona maimakon ƙonewa, ko da yake a nan manomi na fuskantar zaɓi mai wuya, tunda karan nan shi ne abincin dabba da danga da makamashi. Akwai yin kunya a gicciye da gangare, da ɗaure kunyoyi domin ruwa ya tsaya ya nutse, dabarar da aka gwada a Samaru tun shekarun 1960. Akwai dasa layukan gamba a kan iyakar gona da barin ciyawa da itatuwa a gaɓar rafi. In kuwa ƙunar ta zama dole, to a yi ta a farkon rani, da sassafe ko da yamma lis lokacin da iska ta kwanta, tare da mutane masu tsaron ta.

Manoman jihar Maraɗi sun nuna cewa ƙasar da ta lalace tana iya farfaɗowa. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututturen itatuwa ya girma a gona maimakon sarewa da ƙonewa. An ƙiyasta cewa dabarar ta bazu a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, inda ruwan sama bai kai na Zariya ba. Dajin ƙasar Zazzau, wanda doka da sauran itatuwansa ke tohowa daga saiwa, na da damar yin abin da ya fi haka.

A yayin da farashin takin zamani ke ci gaba da ɗaga wa manoma hankali, kowace wuta da aka saki a ƙarshen rani tana aika wani ɓangare na takin da ƙasa ta tanada kyauta zuwa sama, ta bar sauran ga iska da ruwa. Ciyawar da ta ƙone za ta dawo kafin damina ta yi nisa, amma ƙasar da ruwan watan Mayu ya kwasa ya zuba a Kubanni da Galma ba za ta koma gonar da ta fito ba.